Ƙaramar guguwar maganaɗisu: Abin da ke afka wa taurarin ɗan'adam bayan tsakar dare

Duk kwanon satalayit da aka kafa a rufin wani gida a Mahuta, ko a Funtuwa ko Malumfashi, yana fuskantar wata na'ura ce da ke tsaye a nisan kilomita 35,786 a saman layin ikwaita. A wannan nisa tauraron ɗan'adam yana kewaya duniya sau ɗaya a yini, daidai da yadda duniyar ke juyawa, shi ya sa ake ganin kamar ba ya motsi, shi ya sa kuma mai gyaran satalayit yake saita kwano sau ɗaya ya ɗaure. A nan ne tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, yake tsaye, tare da na kamfanonin da ke kawo tashoshin talabijin.

Wannan waje ba fanko ba ne. Kusan kowace rana, wani lokaci ma sau da yawa a rana ɗaya, wasu ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki sukan kwararo cikinsa da ƙarfi daga ɓangaren duniya da ke cikin dare, sannan su bazu su kewaye duniya. Abin da ke koro su shi ne masana ke kira ƙaramar guguwar maganaɗisu. Mutumin da ke ƙasa ba ya jin ta a jikinsa, amma ta sha lalata na'urorin da aka kashe maƙudan kuɗi a kansu, kuma tana cikin abubuwan da duk ƙasar da ta mallaki tauraro take sanya wa ido.

Garkuwar da ido ba ya gani

Duniya tana da ƙarfin maganaɗisu wanda yake samuwa daga narkakken ƙarfen da ke motsi a cikinta. Shi ne yake juya allurar kamfas zuwa arewa. Masana suna kwatanta shi da layuka da ke fitowa daga ƙuryar kudu, su lanƙwasa ta sararin samaniya, su shiga ta ƙuryar arewa. Yankin da wannan ƙarfi yake mulki a sama shi ake kira magnetosfiya, wato garkuwar maganaɗisun duniya.

Rana kuwa, wadda ke nesa da duniya da kimanin kilomita miliyan 150, ba haske da zafi kaɗai take aikowa ba. Tana fesar da ƙwayoyin elektaron, masu caji mara, da na furoton, masu caji mai, ba dare ba rana. Wannan kwarara ita ce iskar rana, kuma a yawancin lokuta tana gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya, ta iso duniya cikin kwana huɗu ko makamancin haka. Idan ta iso sai ta danne garkuwar ta ɓangaren da ke fuskantar rana, har iyakarta ta tsaya a kimanin kilomita 64,000 daga tsakiyar duniya. Ta ɓangaren dare kuma sai ta ja layukan maganaɗisun su miƙe su zama wata doguwar wutsiya, wadda ta zarce nisan wata da yawa. A cikin wannan wutsiya ne ƙaramar guguwa take haihuwa.

Iskar rana tana tafe da nata maganaɗisun. A shekarar 1961 wani masani ɗan Ingila, James Dungey, ya bayyana cewa idan maganaɗisun iskar ya karkata kudu, wato ya saɓa wa na duniya, layukan biyu sukan tsinke su ƙullu da juna a goshin garkuwar. Daga nan sai iskar ta ja layukan da suka ƙullu ta tara su a wutsiya. Wannan tsinkewa da sake ƙulluwa ita ce ƙofar da ƙarfin rana ke shiga cikin garkuwar duniya.

Matakai uku na guguwar

Tun farkon ƙarni na 20 masanin nan ɗan Norway, Kristian Birkeland, ya lura da wasu gajerun rikice-rikicen maganaɗisu a ƙuryar arewa. Amma a shekarar 1964 ne Syun-Ichi Akasofu, ɗan Japan da ke aiki a Alaska tare da malaminsa Sydney Chapman, ya tsara bayanin yadda abin yake faruwa, bayan ya nazarci hotunan hasken aurora da aka ɗauka a tashoshi masu yawa. Aurora shi ne hasken nan mai launin kore da ja da ke bayyana a sararin ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. A 1970 Robert McPherron ya ƙara bayanin matakin farko, sai matakan suka zama uku.

Mataki na farko shi ne na tara ƙarfi, wanda kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya. A wannan lokaci wutsiyar tana ƙara miƙewa tana sirancewa, kamar ɗankon harbin tsuntsu da yaro ya ja a gonar dawa. Mataki na biyu shi ne na fashewa. Layukan maganaɗisu sukan tsinke a cikin wutsiyar, a nisan da ya kai ninki 20 zuwa 30 na rabin faɗin duniya, rabin faɗin duniya kuwa kilomita 6,371 ne. Ɓangaren da ke nesa sai ya fice ya bi iska, ɓangaren da ke kusa kuma ya zabura ya dawo wajen duniya da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. A daidai lokacin ne aurora take haskakawa farat ɗaya ta bazu. Wannan mataki kan ɗauki minti goma zuwa talatin. Na uku shi ne na lafawa, inda komai ke komawa yadda yake a cikin sa'a ɗaya ko biyu. Gaba ɗaya, ƙaramar guguwa ɗaya kan ci sa'a biyu zuwa uku.

An daɗe ana jayayya a kan abin da ke fara aukuwa, tsinkewar layuka a can nesa ko kuwa rushewar wata kwararar lantarki a kusa da duniya. Don warware wannan ne hukumar NASA ta Amurka ta harba taurari biyar masu suna THEMIS a ranar 17 ga Fabrairu, 2007, ta jera su a cikin wutsiyar. Guguwar da suka auna a ranar 26 ga Fabrairu, 2008 ta nuna cewa tsinkewar ce ta riga, hasken aurora ya biyo baya da ɗan ƙanƙanin lokaci. Duk da haka wasu masana suna ganin ba kowace guguwa ce ke bin wannan tsari ba.

Ya kamata a bambanta ƙaramar guguwa da babbar guguwar maganaɗisu. Babba takan ɗauki yini ɗaya zuwa kwanaki, tana shafar duniya baki ɗaya, kuma galibi tana biyo bayan wata gagarumar fashewa ce a jikin rana. Ƙarama kuwa tana aukuwa ko da rana tana cikin natsuwa, sai dai a lokacin babbar guguwa ƙanana sukan zo a jere, kuma da ƙarfi.

Tunkuɗowar ƙwayoyi

Lokacin da layukan da suka miƙe suka zabura suka dawo, ba su kaɗai suke dawowa ba. Suna tunkuɗo ƙwayoyin da ke cikin wutsiya zuwa inda maganaɗisun duniya ya fi ƙarfi, kuma a kan hanya ƙwayoyin suna ƙara kuzari ta fuska biyu. Ƙwayar da aka matsa cikin maganaɗisu mai ƙarfi tana ƙara saurin juyawa. Sannan layin da take kai da komowa a kansa yana gajarcewa, sai ta riƙa karo da iyakoki biyu da ke matsowa, kowane karo yana ƙara mata gudu.

Ana auna kuzarin waɗannan ƙwayoyi da wani ma'auni da ake taƙaita shi da keV. A cikin wutsiya, elektaron na yau da kullum kuzarinsa bai wuce keV ɗaya ko kaɗan ba. Bayan tunkuɗowa ana samun masu keV goma zuwa ɗaruruwa. Elektaron mai keV 100 yana gudun da ya ɗara rabin gudun haske.

Taurarin gwaji na Amurka ne suka fara nuna wannan abu a fili. ATS-1, wanda aka harba a Disamban 1966, ya ga yadda yawan elektaron ke hauhawa ba zato. A 1971 Sherman DeForest da Carl McIlwain suka wallafa abin da ATS-5 ya auna, suka nuna cewa gajimaren ƙwayoyi masu zafi yana shigowa da'irar taurarin sadarwa kusan duk lokacin da aka yi ƙaramar guguwa. Tun 1976 kuma cibiyar bincike ta Los Alamos take da na'urorin ƙirga ƙwayoyi a kan taurari da dama a wannan da'ira, kuma bayanansu ne ginshiƙin yawancin abin da aka sani a kan lamarin.

Tauraron da yake daidai wurin da tunkuɗowar ta auku, galibi wajen tsakar dare, yakan ga alamu biyu. Da farko yawan ƙwayoyin yakan ragu a lokacin da wutsiya ke miƙewa. Sai kuma a cikin minti ɗaya ko biyu yawansu ya yi tsalle, ya ninka sau goma ko ɗari, masu ƙaramin kuzari da masu babba duk su iso tare.

Motsi uku, da dalilin da suke rabuwa gabas da yamma

Ƙwayar da maganaɗisun duniya ya kama tana yin motsi iri uku a lokaci guda. Na farko, tana naɗe layin maganaɗisu kamar yadda zare ke naɗe mazari. A da'irar taurarin sadarwa elektaron yana yin wannan juyi kusan sau 3,000 a daƙiƙa. Na biyu, tana kai da komowa tsakanin arewa da kudu a kan layin, kamar ƙoshiyar masaƙi, saboda duk lokacin da ta kusanci ƙuryar duniya ƙarfin maganaɗisu yakan tsananta ya mayar da ita baya. Elektaron mai keV 100 yana zuwa ya dawo a cikin kimanin daƙiƙa ɗaya.

Motsi na uku shi ne jirgawa. Da yake maganaɗisun ya fi ƙarfi a kusa da duniya, kuma layukansa a lanƙwashe suke, da'irar da ƙwayar ke yi ba ta rufewa daidai inda ta fara. Kowane juyi sai ta ɗan jirga gefe, har a hankali ta kewaye duniya. Alkiblar jirgawar ta dogara da irin cajin ƙwayar: elektaron yana yin gabas, wato daga tsakar dare zuwa asuba, furoton da sauran masu caji irin nasa suna yin yamma, daga tsakar dare zuwa magariba.

Saurin jirgawa ya dogara da kuzari. A da'irar taurarin sadarwa ƙwaya mai keV 100 tana kewaye duniya a cikin sa'a ɗaya da 'yan mintoci, elektaron mai keV 1,000 kuwa a cikin kimanin minti goma. Wannan bambanci ne ya ba masana hanyar gano asalin tunkuɗowa. A ce ƙaramar mota da babur da tirela mai ɗauke da masara sun tashi daga Funtuwa a lokaci ɗaya za su Malumfashi. Wanda ke tsaye a bakin tasha zai ga sun fita tare. Wanda ke zaune a bakin titi a Mahuta zai ga motar ta fara wucewa, sai babur, sai tirela daga baya. Idan ya san gudun kowanne, kuma ya rubuta lokacin wucewarsu, zai iya lissafa wurin da suka taso da lokacin da suka taso. Haka tauraron da ke nesa da tsakar dare yake ganin masu babban kuzari sun riga isowa, kuma daga tazarar ake lissafa wurin da guguwar ta fashe. Wani lokaci ayarin ƙwayoyin yakan kewaye duniya ya sake wuce tauraron sau biyu ko uku kafin ya watse, abin da ake kira amsa-kuwwar jirgawa.

Zoben lantarki da ɗamarar Van Allen

Tafiyar masu caji mai zuwa yamma da ta masu caji mara zuwa gabas, a lissafin lantarki abu ɗaya suke haifarwa: kwararar lantarki mai yin yamma, wadda ta kewaye duniya kamar zobe. A lokacin babbar guguwa wannan zobe yakan ƙarfafa, har da ƙwayoyin iskar oksijin da aka fizgo daga saman sararin duniya, kuma yakan rage ƙarfin maganaɗisun da ake aunawa a ƙasa, musamman a ƙasashe masu zafi. Ana auna wannan raguwa da ma'aunin Dst, wanda cibiyar Kyoto a Japan ke lissafawa daga tashoshi huɗu: Hermanus a Afirka ta Kudu, da Kakioka a Japan, da Honolulu, da San Juan. A guguwar 13 ga Maris, 1989, wadda ta jefa mutum miliyan shida cikin duhu na kimanin sa'a tara a lardin Quebec na Kanada, ma'aunin ya sauka zuwa nanotesla 589 ƙasa da sifili. A ta 10 da 11 ga Mayu, 2024 ya wuce 400 ƙasa da sifili. Ƙarfin maganaɗisun duniya a arewacin Najeriya ya ɗara nanotesla 30,000, don haka ko babbar guguwa ba ta rage shi da fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari. Mai duba alƙibla da kamfas ba zai ga wani canji ba.

Ƙwayoyin da aka tunkuɗo suna da hannu a wani abu kuma. A 1958 James Van Allen da abokan aikinsa, ta hanyar taurarin Explorer 1 da Explorer 3, suka gano cewa akwai ɗamara ta ƙwayoyi masu tsananin kuzari da ta kewaye duniya. Daga baya aka tabbatar guda biyu ce, ta ciki da ta waje. Elektaron masu keV goma zuwa talatin da ƙaramar guguwa ta kawo sukan tayar da wasu igiyoyin rediyo a sararin samaniya, waɗanda idan aka mayar da su sauti suke kama da kukan tsuntsaye da asuba. Igiyoyin suna tura wasu elektaron ɗin su faɗa cikin iskar duniya, wasu kuma su ƙara musu kuzari a cikin yini ɗaya ko biyu har su kai keV 1,000 ko fiye. Taurari biyu na Van Allen Probes, waɗanda aka harba a 30 ga Agusta, 2012 suka yi aiki har 2019, sun tabbatar da cewa wannan hanya tana cikin manyan hanyoyin cika ɗamarar waje. Taurarin GPS, da ke nisan kimanin kilomita 20,200, suna ratsa tsakiyar wannan ɗamara kullum.

Yadda ɓarnar take aukuwa

Ɓarna iri biyu ce. Ta farko caji ne da ke taruwa a fatar tauraro. Elektaron masu matsakaicin kuzari, waɗanda suka taso kai tsaye daga tunkuɗowa, sukan manne a jikin tauraron har cajinsa ya kai dubban bolt. Idan wani sashe ya fi wani caji sai wuta ta yi tsalle tsakaninsu, kamar tartsatsin da mutum ke ji idan ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar leda a lokacin hunturu. Tartsatsin na iya shiga wayoyin na'ura ya ba kwamfutar tauraron umarnin ƙarya, ko ya ƙona wani sashe. Da yake elektaron gabas yake yi, irin wannan matsala ta fi yawa ga tauraron da ke tsakanin tsakar dare da asuba. Hasken rana yana taimakawa wajen sauke cajin, don haka haɗarin ya fi tsanani idan tauraron ya shiga inuwar duniya.

Misalin da aka fi ambata shi ne Galaxy 15 na kamfanin Intelsat. A ranar 5 ga Afrilu, 2010, jim kaɗan bayan tsakar dare a agogon wurin da yake tsaye, kuma daidai lokacin wata ƙaramar guguwa mai ƙarfi, ya daina karɓar umarni daga ƙasa, alhali na'urorin watsa shirye-shiryensa na ci gaba da aiki. Ya yi ta jirgawa yana barazanar shiga zangon maƙwabtansa, har zuwa Disamban shekarar, lokacin da batirinsa ya ƙare ya sake kunna kansa. Binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan tartsatsin lantarki.

Ta biyu caji ne a cikin cikin tauraro. Elektaron masu keV 1,000 zuwa sama suna huda bangon tauraro su maƙale a cikin robar wayoyi da allunan na'ura, su taru na kwanaki, sannan su fashe. A ranar 20 ga Janairu, 1994 taurarin Kanada biyu, Anik E1 da Anik E2, suka rasa saitinsu ta wannan hanya. An dawo da na farko a cikin sa'o'i, na biyun kuwa sai bayan kimanin wata biyar. A tsakanin nan an sami katsewar talabijin da tarho, musamman a garuruwan arewacin ƙasar masu nisa.

Taurarin Najeriya da sa'o'in haɗari

Najeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999, ta harba NigeriaSat-1 a Satumban 2003. Tauraron sadarwa na farko, NigComSat-1, ya tashi a Mayun 2007 ya daina aiki a Nuwamban 2008, kuma dalilin da aka bayyana shi ne matsalar fukafukan da ke tara masa hasken rana. Wanda ya maye gurbinsa, NigComSat-1R, an harba shi daga Xichang a ƙasar Sin a ranar 19 ga Disamba, 2011, da wa'adin aiki na shekara 15, aka ajiye shi a digiri 42.5 gabas.

Daga wannan matsayi ana iya lissafa sa'o'in da ya fi fuskantar haɗari. Kowane digiri 15 na gabas daidai yake da sa'a ɗaya, don haka tsakar dare tana riskar tauraron da misalin ƙarfe 10:10 na dare agogon Najeriya, asuba kuma da misalin 4:10. Taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas, waɗanda DStv ke amfani da su, suna shiga wannan yanki bayan kusan rabin sa'a, su Nilesat da ke digiri 7 yamma kuma sai wajen ƙarfe 1:30 na dare. Sau biyu a shekara, na kimanin mako shida kewayen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, waɗannan taurari suna shiga inuwar duniya kowane dare, har na tsawon minti 72 a ranar da ta fi tsawo. Ƙididdigar shekaru masu yawa ta nuna cewa a waɗannan watanni ne ma rikicin maganaɗisu ya fi yawa. Ke nan farkon bazara da ƙarshen damina su ne lokutan da injiniyoyin taurari suka fi yin hattara.

Matsayin arewacin Najeriya

Ikwaitar maganaɗisu, wato layin da allurar maganaɗisu ke kwanciya daidai ba ta nuna ƙasa ko sama, ba ta bi ikwaitar taswira ba. A Afirka ta Yamma ta karkato arewa, ta ratsa arewacin Najeriya, kuma yankin Zariya da Funtuwa da Malumfashi yana dab da ita. A saman wannan layi, a nisan kilomita 100 da ɗoriya, akwai wata siririyar kwararar lantarki mai faɗin kimanin kilomita 600 da ke yin gabas da rana. Sydney Chapman ne ya raɗa mata suna a 1951. Farfesa Cyril Agodi Onwumechili na Jami'ar Ibadan ya shafe shekaru yana nazarinta a Najeriya, har ya wallafa littafi sukutum a kanta a 1997. Ita ma Rosemary Hutton, 'yar Scotland, ta yi bincike a kan maganaɗisun wannan yanki lokacin da take koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960.

Ƙwayoyin da ƙaramar guguwa ke tunkuɗowa ba sa sauka a wannan yanki, domin layukan maganaɗisun da ke samansa gajeru ne, ba su kai can inda ƙwayoyin suke ba. Amma saƙon guguwar yana isowa. Na'urar auna maganaɗisu a ƙasashe masu zafi takan ga wata girgiza mai maimaita kanta duk daƙiƙa 40 zuwa 150 a daidai lokacin fashewa, kuma masana na amfani da ita wajen tantance lokacin da guguwa ta fara. Haka kuma ƙarfin lantarkin da ke tasowa a ƙuryar duniya yakan ratso zuwa ikwaita nan take, ya taɓa ayonosfiya, wato sashen sama mai caji wanda saƙon GPS ke bi ta cikinsa.

Ayonosfiyar wannan yanki dama mai rikici ce. Bayan faɗuwar rana wasu kumfa sukan taso a cikinta su sa saƙon GPS ya riƙa rawa ko ya yanke, kuma guguwar maganaɗisu na iya ƙara wannan rikici ko ta danne shi, gwargwadon sa'ar da ta iso. A guguwar Mayun 2024 manoma a tsakiyar Amurka sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun rasa saiti, kuma rikicin ayonosfiya ne sanadi. Manomin Mahuta da ke huɗa da shanu wannan ba ta shafe shi ba. Wanda abin ya shafa shi ne ma'aikacin safiyo da ke auna fili don takardar mallaka, da jami'in da ke auna gonaki don rabon bashin noma ko taki, da ɗan kasuwar da ke bin sawun motarsa daga Funtuwa zuwa Dawanau ko Legas. Ga mai aikin awo na ƙwarai, safiya ta fi bayan magariba aminci, kuma ranar da aka yi shelar babbar guguwa ya fi kyau a sake awo a wata rana a kwatanta.

Abin da ba guguwar ce ke jawo shi ba

Iskar da ke saman kowane mutum nauyinta daidai yake da ruwa mai zurfin kimanin mita goma, kuma ƙwayoyin ƙaramar guguwa ba sa iya ratsa ta. Ba su da hannu a ciwon kai, ko zafin bazara, ko jinkirin damina, ko lalacewar amfanin gona. Hoton talabijin da ke ɗaukewa idan hadari ya haɗu ruwan sama ne ke tare saƙon. Wanda ke ɗaukewa na 'yan mintoci da rana tsaka a Maris da Satumba kuwa rana ce ta daidaita a bayan tauraron, hayaniyarta ta rufe saƙonsa. Yawancin matsalar na'urar POS daga layin waya take, ko daga banki. Dangane da wutar lantarki, ƙasashen da ke kusa da ƙuryar duniya ne suka fi fuskantar haɗari, ko da yake an danganta lalacewar wasu manyan taransifoma a Afirka ta Kudu da guguwar ƙarshen Oktoban 2003, abin da ya sa aka fara ɗaukar batun da muhimmanci a Afirka.

Sa ido da gargaɗi

Babu wanda ke iya faɗin mintin da ƙaramar guguwa za ta fashe, amma ana iya ganin yanayin da ke kawo ta. Taurari irin su ACE, na 1997, da DSCOVR, na 2015, an ajiye su ne a nisan kilomita miliyan 1.5 ta wajen rana don auna iskar kafin ta iso, abin da ke ba da gargaɗin minti 15 zuwa sa'a ɗaya. Hukumar NOAA ta Amurka tana kasa manyan guguwa aji biyar, daga G1 zuwa G5, kuma ta Mayun 2024 ce ta fara kaiwa G5 tun 2003. A Afirka, hukumar SANSA ta buɗe cibiyar sa ido ta dare da rana a Hermanus a Nuwamban 2022. A Najeriya kuwa Cibiyar Binciken Sararin Sama ta NASRDA da ke Anyigba a Jihar Kogi ce ke gaba a wannan fanni.

Ayyukan rana suna hawa da sauka duk kimanin shekara 11. Zagayen da ake ciki ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da NOAA suka sanar da cewa ya kai ƙololuwa. Saukowar ba ta nufin hutu ga taurari, domin a shekarun gangarowa ne iskar rana mai sauri take yawan kaɗawa na kwanaki a jere, ta haifar da ƙananan guguwa bi da bi, ta cika ɗamarar waje da elektaron masu huda bango. A irin wannan lokaci ne taurarin Anik suka lalace a 1994. Shi ya sa masu ƙera taurari suke lulluɓe su da abin da ke bari caji ya gudana, su haɗa kowane sashe da gangar jikin tauraron, su ƙara kaurin bangon da ke kare kwamfuta, masu sarrafa su kuma suke ɗage umarni masu haɗari idan an yi gargaɗi. Waɗannan sharuɗɗa ne da ya kamata su kasance a cikin kwangilar duk wani tauraro da Najeriya za ta saya don maye gurbin NigComSat-1R.